Tayil, Leda ko Daɓen Siminti? Amsa Ga Mai Shirin Tarewa a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni malamar firamare ce a Birnin Kebbi. Maigidana ya shekara huɗu yana lallaɓa gini a bayan gari, ta wajen da ƙasa ke gangarawa fadama. Yanzu an yi rufi, an sa ƙofofi da tagogi, saura ƙasa. Ciki uku ne da falo, da kicin, da banɗaki biyu. Kuɗin hayarmu zai ƙare nan da sati shida. Shi ya ce aljihunsa ya bushe, a shimfiɗa leda a kan kankaren yadda yake mu tare, in Allah ya hore a sa tayil daga baya. Ni kuma na kwashi adashe, ina so in sa farin tayil mai ƙyalli irin wanda na gani a gidan abokiyar aikina, sai dai kuɗin ba zai wuce rabin gidan ba. Ga Inna, mahaifiyarsa, da za ta zauna tare da mu. Ta taɓa zamewa a gidan biki ta daɗe tana jinyar ƙugu, ta ce, "In dai wagga ƙasa mai santsi ce, ku bar ni ƙauye." Mai sa tayil ya ce kwana huɗu ya ishe shi. Da daminar bara kuma na ga gindin bangon ɗaki ɗaya ya yi duhu. Har mun fara 'yar tsama da maigida a kan maganar. Me kike gani?

Daga wata ɗiyarki a Birnin Kebbi.

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a. Shekara huɗu ana tara bulo da albashi ba ƙaramin jihadi ba ne. Ki fara yi wa maigidan naki sannu da ƙoƙari kafin ki sake ɗauko masa zancen tayil.

Ga abin da nake gani, sannan in warware miki. Leda ba za ta hau kankaren nan yadda yake ba. Farin tayil mai ƙyalli kuma ba na gidan da ke da tsohuwa ba ne, balle a garin da hunturu ke turo ƙura ta ƙarƙashin ƙofa. Kuɗinki zai isa ku tare cikin mutunci, in dai an fara gyara abin da ke ƙasa kafin a zo kan ado.

Gindin bangon nan da ya yi duhu shi ya fi tsaya mini a rai. Unguwannin da ke gangarawa fadamar Gulbin Rima, da damina ruwan ƙasa yana matsowa kusa, bulo da siminti kuwa suna tsotsar ruwa su hau da shi. Ki tambayi maigida abu biyu. Kafin a zuba kankaren ƙasa, wanda magina ke kira jaman fulo, an shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashinsa? Cikon da aka yi kuma, an jiƙa shi an daddanne shi, ko zuba shi aka yi aka wuce? Cikon da bai zauna ba zai zauna daga baya, ya bar kankare a kan iska, wata rana ki ga tsaga ta ratsa ɗaki daga kusurwa zuwa kusurwa, ta ratsa har tayil ɗin da ke kai. A ɗauki guduma a bi ɗaki-ɗaki ana bugawa. Inda ya yi ƙarar fanko, a fasa, a cike, a sake zubawa yanzu tun babu gado babu kujera.

Akwai gwajin da ke ma za ki iya da hannunki. Ki yanko leda kamu ɗaya, ki shimfiɗa a ƙasan ɗakin nan kusa da bango, ki liƙe bakunanta huɗu da salatif, ki bar ta kwana ɗaya ko biyu. In kika ɗaga kika ga gumi a jikinta ko wurin ya yi duhu, danshi na tasowa. Amma tunda rani ne yanzu, in kin tarar da wurin a bushe kada ki ce an tsira. Shaidar bara ta fi ƙarfi: filasta da ta kumbura, ko wani farin gari kamar kanwa a gindin bango. Ku zagaya ta waje ku dubi inda bakin kwano ke zubar da ruwa. Sau da yawa laifin ba na ƙarƙashin ƙasa ba ne, ruwan rufi ne ke taruwa a jikin bango saboda ƙasar waje ta fi ta ciki tudu ko babu hanyar wucewa. Maganinsa daɓe a zagaye gidan, faɗin kamar mita 1, mai gangare zuwa waje, da kwata mai kwashe ruwa. Wannan ya fara cin kuɗin adashenki kafin kwalin tayil ko ɗaya. Tayil ba ya warkar da danshi, ɓoye shi yake yi, ruwan ya nemi hanya ta layukan tsakani da jikin bango. Leda kuwa ta fi muni. Ta kulle danshin a ƙarƙashinta, ɗaki ya ɗauki wari, ranar da aka ɗaga a tarar da fumfuna baƙi ƙirin da kyankyasai.

Ko babu danshi ma, ledar ɗaki tana son ƙasa mai sulɓi. Jaman fulo kuwa tsakuwa ce a tsattsaye. Duk inda ƙafar kujera ta danna, tsakuwar za ta huda ta, kafin babbar salla ki ga ta yi ido-ido. Ki faɗa wa maigida wannan cikin lalama. Dabararsa ta jinkirta tayil ba ta ɓaci ba, tsallake daɓe ne kuskuren.

Shi ya sa nake cewa ɗakunan kwanan nan guda uku a yi musu daɓen siminti na gaske. Kada ki raina daɓe. Iyayenmu mata da madaɓi da ruwan makuba suke taruwa, suna waƙa suna bugun ƙasa har ta yi ƙarfi ta yi sheƙi, ɗakin amarya ya shekara da shekaru bai fashe ba, don ba a yi musu gaggawa ba. Na siminti ma haka yake so. A samo yashin gulbi mai tsabta. Ki damƙi jiƙaƙƙe a hannunki, in ya manne ya bar miki laka a tafi, ba shi ba ne. Siminti kuma ga na Kalambaina nan kusa da ku a Sakkwato, ga na sauran kamfanoni, kowanne kuka samu ya yi, illa a taɓa buhun a tabbatar bai yi ƙulalai ba. Buhu ɗaya kilo 50 ne, kwanon sarki biyu ke nan, sai a ba shi kwano 6 zuwa 8 na yashi. In ba a tsaya a kai ba, leburori za su ƙara yashi don buhu ya yi auki, daɓen ya riƙa tashi da gari duk sharar da aka yi. A share kankaren, a jiƙa shi, a zuba ruwan siminti kafin kwaɓin ya hau.

Daga nan sai ban ruwa, wanda shi ne inda aka fi cuta. Kin san zafin Birnin Kebbi, da bazara yakan haura digiri 40. Siminti ba bushewa yake so ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi. In ya bushe da wuri sai ya yi tsaga-tsaga. A ba shi ruwa safe da yamma kwana 7 cur, a rufe tagogi, in da hali a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Yakan kai kwana 28 kafin ya cika ƙarfinsa. Don haka ɗakunan nan su za a fara yi, cikin satin nan, su sami lokacin shan ruwa da na bushewa. In kun tare, ku fara da tabarma da darduma, leda ta jira sai ƙasa ta bushe sarai, ɗakin da ya nuna danshi kuwa sai kun ga yadda ya ci damina. A kuma gaya wa magini tun yanzu cewa za a sa tayil nan gaba, ya bar daɓen ɗakunan ya gaza tayil ɗin falo tudu da kamar santimita 1 da rabi, don ranar da aka tashi a liƙa da gam ba sai an sare ƙofa ba.

Kafet na bango zuwa bango, ban ba ki shawara ba. Yana haɗiye ƙura, ba ya ɗaguwa a kakkaɓe, ga fitsarin yaro, ga garwashin kaskon turare da ke faɗowa ya bar tabo har abada, mai asma kuma ya shiga uku. Babbar darduma da za a naɗe a fitar rana ta fi. Katako da dangoginsa kuwa ki bar su inda kika gan su a waya, gara da ruwan goge-goge ba za su bar su ba.

Kuɗin da ya rage ya tafi falo da hanyar shiga ɗakuna da kicin da banɗakuna. Nan ne ƙafa ta fi yawa, nan ne ruwa ke zuba, nan ne kuma aiki ya fi wahala in an riga an jera kaya.

Farin nan mai ƙyalli, ki tambayi abokiyar aikinki sau nawa take goge shi a wuni da hunturu, kuma me ke faruwa in yaro ya zubar da ruwan buta. A shago yana da kyau don babu mai taka shi. Baƙi ma haka, ya fi fari tona asirin ƙura. Ki nemi launin da ya yi kusa da ƙurar garinku: ruwan ƙasa mai haske, ruwan madara mai ɗan zane, ko ruwan toka, kuma marar ƙyalli. Ranar saye ki tafi da gorar ruwa. Ki ce a ajiye miki guda a ƙasa, ki zuba ruwa, ki cire takalmi ki taka, ki murza ƙafa, sannan ki sake da silifas. Mai shago zai yi dariya, ya yi ta yi. Abin da ƙafarki ta gaya miki ya fi abin da ke rubuce a kwali. In za ki ji tawa, ki karɓo guda ɗaya ki kai wa Inna ta taka da kanta. Tsohuwa in an shawarce ta, rabin rigimar ta mutu. Kuma tsoronta ba na banza ba ne, karayar ƙugu ga mai shekaru takan kwantar da mutum kwanciyar da ba ya tashi daidai.

Sai ki juya bayan tayil ɗin ki ɗiga ruwa. Wanda ya shanye nan take, siramik ne: ya fi araha, ya fi sauƙin yanka, yana kama siminti da kyau, amma sai an jiƙa shi a ruwa kafin a sa, in ba haka ba ya tsotse ruwan kwaɓin ya saki. Wanda ruwan ya tsaya a kansa, shi ne foselin, ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Ya fi ƙarfi da jure taku, sai dai don ba ya shan ruwa, ba ya kama zallan siminti sosai, gam ɗin tayil yake so, gam kuwa ƙarin kuɗi ne. A aljihunki, siramik na ƙasa mai kyau ya wadatar. Na ce na ƙasa, don akwai na bango, ya fi siriri ya fi santsi, wasu kan sa shi a ƙasa don araha, bai daɗewa yake farfashewa. Kada kuma a ruɗe ki da cewa sai na Sifen ko Italiya. Ana yin tayil a Ajakuta ta Jihar Kogi da kuma Jihar Ogun, kuma mai daraja ta ɗaya a cikinsu yana aiki lafiya. Abin dubawa shi ne ki zaro biyu daga kwali ki haɗa su fuska da fuska. In suna rawa ko haske na wucewa ta tsakani, sun lanƙwashe, a ƙasa bakinsu zai riƙa kama yatsa. Ki jera huɗu ki ga ko girmansu ɗaya.

Lissafi kuma kada ki bar wa mai sa tayil shi kaɗai. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 sukwaya mita 13.4 ne. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya kusa 15. Tayil mai 60 da 60 yawanci guda 4 ne a kwali, wato sukwaya mita 1.44, kin ga ɗaki irin wannan zai ci kwali 11, ban da na gindin bango. Ki auna falonki da tef ki bi wannan hanya. A sayi duka rana ɗaya, a duba lambar da ke jikin kwalaye ta zama iri ɗaya, domin zane ɗaya da aka gasa a lokuta daban-daban yakan bambanta a launi, sai an shimfiɗa ido ke gani. A ajiye kwali ɗaya a ƙarƙashin gado saboda gyaran gaba. Wani zai ce a aika Kano, kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa ta fi sauƙi. Ga mai sayen mota guda haka ne. Ke mai sayen na rabin gida, kuɗin mota da abin da zai fashe a hanya za su cinye ragin, kuma in kwali biyu suka kasa ba ki da inda za ki ruga.

Mu zo kan mai kwana huɗu. Ban ce maƙaryaci ne ba, amma ban so a ba shi aiki don saurinsa. A ce ya kai maigida gidan da ya yi wa aiki shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ba wanda ya gama jiya ba. Kafin ya fara, mai aikin famfo ya gama nasa, a saki ruwa a bututu a ga babu yoyo, a gama silin, don kada a dawo ana fasa sabon tayil. In ya fara, ga abin da za a sa wa ido. Ya ja zare ya fitar da daidaiton ƙasa tukuna, cikakkun tayil su kasance a bakin ƙofa da tsakiyar falo, yankakku su ɓuya a bayan kujeru. Kwaɓi ya cika bayan tayil gaba ɗaya. Masu ha'inci kan ɗora curi huɗu a kusurwa da ɗaya a tsakiya su danna, daga sama lafiya lau, ranar da tukunya ta faɗo a wurin sai ya dare. Kada kuma ya manne su baki da baki don a ce babu layi. A bar milimita 2 zuwa 3 a tsakani da 'yan robobin nan da ake sakawa, a bar ɗan fili a jikin bango wanda tayil ɗin gindin bango zai rufe. Tayil da kankare suna motsi da zafi da sanyi, ba kuma tare suke motsawa ba. Na taɓa shiga wani falo da layi guda ya tashi tsaye a tsakiya, masu gidan suka ce cikin dare suka ji ƙara suka zaci ɓarayi ne, har an fara zancen sammu. Babu sammu, wurin motsi aka hana shi. Bayan an sa, a hana kowa takawa kwana ɗaya, sannan a cike layukan, da abin cikewa mai ɗan duhu, don fari ba ya wata uku yake komawa ruwan ƙasa. Kada a bari a wanke da asid, yana cinye layukan.

A yi ciniki a kan sukwaya mita, ba a kan kwana ba, a riƙe kashi ɗaya cikin uku sai an gama. Ranar biya ki ɗauki makulli ki bi tayil ɗaya-ɗaya kina ƙwanƙwasawa. Wanda ya zauna, amonsa a toshe yake. Wanda ya yi ƙarar fanko, ki sa masa alama da alli, a cire a sake kafin ragowar kuɗi ya fita.

Banɗakin Inna shi ne wurin da ba na son a yi rowa. Ƙananan tayil masu kaushi, 30 da 30 ko ƙasa da haka, don yawan layi na riƙe ƙafa, kuma sun fi bin gangare. Gangaren ya zama kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ya nufi rariya. A zuba bokitin ruwa a gaban mai aikin a ga inda ya nufa. In ya kwanta a kusurwa, gansakuka za ta fito, ita kuwa ko a kan siminti tana kayar da mutum. A kafa mata ƙarfen dafawa a bango, da 'yar dakalin zama don alwala. Ɗakinta kuma a ba ta abin da ta nema, daɓe da tabarma, da darduma mai kauri saboda sanyin hunturu. Ɗan tudun da zai rage a dokin ƙofarta a kwantar da shi da siminti ya zama gangare, kada ya kama mata ƙafa da asuba. Tsakar gida ku bar ta da siminti. Turmi da taɓarya ba sa shiri da tayil, rana kuma in ta buga shi ba ya takuwa.

Saura magana ɗaya, wadda ba ki tambaya ba. A al'adarmu leda da kafet kayan ɗaki ne, na mace ne, duk inda ta koma da su take tafiya. Tayil ba haka yake ba. Ranar da ya hau siminti ya zama gida, gida kuwa na maigida ne, gobe yana iya zama na magada, ko a wayi gari wata ta shigo ta taka. Ba fata nake miki ba, rayuwa ce. Kuɗin adashenki dukiyarki ce, shari'a ba ta ɗora miki ginin gida ba. In kyauta kika yi niyya, ki yi da zuciya ɗaya, ki faɗa da bakinki, kada kuma ki zo kina gori ranar da aka saɓa. In rance ne, ki ce rance ne, a rubuta a sa shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni. Wanda ba na so shi ne a bar shi a dunƙule, ke kina ɗauka bashi, shi yana ɗauka gudummawa.

Ina kuma zargin 'yar tsamar taku ba a kan leda take ba. Namijin da ya kai gini har rufi ya zo ya kasa a ƙasa, kunya ce ke cinsa, musamman in dangi za su zo ganin gida su ji cewa matar ce ta ƙarasa. Don haka kada ki tare shi a gaban Inna, kada kuma 'yan'uwanki su ji adadin abin da kika kashe. Ki same shi bayan isha, ki kawo takarda da awon falo da lissafin kwalaye, ki ce masa kin yarda da shawararsa a ɗakunan kwana, ga taki a falo da banɗaki. Ki roƙe shi shi ya tsaya a kan magini da ban ruwa, ke ki riƙe zaɓen tayil da makullin ƙwanƙwasawa. In aka zuba daɓen cikin satin nan, sati shida zai isa ba sai kun je roƙon mai gidan haya ba.